Ranar da Inna Ishatu Ta Rasa Amsa

A layin da Inna Ishatu take a Tudun Wadan Zariya, da wuya ka tsayar da wani ɗan ƙasa da shekara arba'in ka tarar ba hannunta ne ya fara wanke shi ba. Malamin makaranta, ɗan sanda, mai facin taya, har da na'ibin limamin masallacin layin, duk ta san su tun suna cikin tsumma, kuma ba ta bari su manta. In wani ya zo wucewa da babbar riga yana taƙama, sai ta leƙo daga zaure ta ce, “Sannu Alhaji, ashe cibiyar ta warke.” Sai ka ga babban mutum ya rusuna yana dariyar yaƙe, yana neman hanyar tsira.

Ungozoma ce, kuma a wurin yayarta Atika ta koyi aikin. A cikin birni aka haife su, a gidan malamai, irin gidan da ake cewa ko akuyarsu ta ji karatu. Aure ya fara kawo Atika Tudun Wada, bayan wasu shekaru ya kawo Ishatu gidan Malam Nagoda tela. Tun daga nan ba a ƙara ganin ɗaya ba tare da ɗayar ba. Atika na gaba da sauri kamar ana korarta, Ishatu na biye da ƙullin ganyen darbejiya a ka. Su ne karɓar haihuwa a lokacin da mata ba su saba da asibiti ba. Da asibiti ya karɓe wannan, sai suka riƙe abin da ya rage, wato wankan jego safe da yamma, da gashin cibiya, da dama wa mai jego kunun kanwa.

Kunun nan yana da ƙa'ida, kuma Atika ce ta kafa ta: abin da ba ki sha ba, kada ki miƙa wa mai jego. Don haka kofin farko na ungozoma ne, a gaban mai jego za ta shanye shi tas, sannan ta zuba mata nata. A watan da haihuwa ta yi yawa, kafin azahar Ishatu ta sha kunu a gida uku ko huɗu. Kuma ba ta yarda da kunun da aka yi wa rowar kanwa. Takan ce kunun da bai kama harshe ba ai ruwan wanke kwano ne. Haka su biyun suka yi ta yi shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ce musu akwai komai a ciki sai lada.

Akwai kuma wani aikin da ba su nema ba, shi ya same su. A gidajen haya na Tudun Wada, inda ɗaki ke manne da ɗaki, in uwa ta kwanta rashin lafiya ko nononta ya ƙi zuwa, maƙwabciya mai goyo takan ɗauki jaririn ta ba shi nata. Alheri ne, amma yana da hukunci. Yaron da ya sha nonon mace ya zama ɗanta, duk 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsu har abada. Maza ba su cika sanin abin da ya faru a cikin ɗaka ba, mata kuma wasu sun tashi, wasu sun rasu. Wa ya rage da sani? Waɗanda suke shiga kowane ɗaki da tukunyar ruwan zafi. Shi ya sa a wannan yanki ba a sa ranar auren 'ya'yan tsofaffin maƙwabta sai an aiko an tambaya, “Akwai nono tsakaninsu?” Da Atika ake tambaya. Daga baya tambayar ta dawo kan Ishatu ita kaɗai, kuma dalilin dawowar ba mai daɗi ba ne.

Abin ya fara wa Atika da kaɗan-kaɗan. Yau ta zuba gishiri sau biyu a miya, gobe ta ajiye carbi a cikin kwandon albasa. Ana dariya, ita ma tana yi. Sai ranar da ta fita kasuwar Tudun Wada, kasuwar da ta fi shekara talatin tana shiga, ta kasa gane hanyar gida, wani mai nama ya rako ta. Mutane suka yi ta faɗin albarkacin bakinsu. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce iska, wasu suka rage murya suka ce a bincika ko da hannu. Autarta Hanifa, wadda nas ce, ta ɗauke ta ta mayar da ita gidanta a unguwar Gyallesu. Can Ishatu take zuwa duba ta duk mako. Tana shiga da barkwanci, tana fitowa da jajayen idanu, don Atika ta daina gane ta.

Hanifar ce kuma ta taɓa ɗaura wa Ishatu abin awon jini a damtse, ta ga abin da ta gani, ta ja ta zuwa asibiti tana tirjewa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Likita ya ce hawan jini ne, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce kullum guda. Ishatu ta ce to, ta yi godiya, ta yi masa addu'a har sai da ya ji kunya. Da ta dawo gida ta zauna ta yi nata lissafin. Magani ai na mai ciwo ne. Ita kuwa lafiyarta ƙalau, tana cin tuwonta, tana ɗaga tukunyar da 'yan mata biyu ba sa iya ɗagawa. Saboda haka ta yanke cewa ranar da kai ya sara za ta sha, ranar da bai sara ba ta bar wa mabuƙata.

Mabuƙata kuwa ba su yi wuyar samu ba. Inna Ishatu mace ce da ba ta iya cin goro a gaban mutum ba ta ɓantara masa ba, to ina ga magani? Mace ta shigo gaisuwa ta dafe goshi ta ce, “Wallahi Inna, tun jiya kaina kamar zai rabe,” sai ta kwance bakin zane ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta ce, “Ungo, na babban likita ne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.” Labari ya zaga layi. Matar liman ta sha, mai waina ta bakin titi ta sha, wata ma ta karɓar wa surukarta. Malam Nagoda yakan ɗago daga kan keken ɗinkinsa ya ce, “Hajiya, kin buɗe kemis ba ki gayyace mu walima ba.” Ita kuma ta ce masa ya ji da zarensa.

Abin dariyar shi ne, duk ƙarshen wata maganin ya ƙare tas. Hanifa ta zo ta ga kwalin ba komai, ta ji daɗi, ta sayo wani. Har misali take bugawa da ita a wurin aiki, tana cewa tana da wata inna da ba ta taɓa tsallake magani ba.

Ana nan, wata rana bayan la'asar Alhaji Muntaka mai shagon kayan gini ya yi sallama. Malam Nagoda ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kira Inna, ta fito tana gyara mayafi. Bayan an gaisa an tambayi iyali, Alhaji ya gyara murya ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ɗansa Uzairu, mai haɗa wutar sola, yana neman Bahijja, malamar firamare, 'yar marigayiya Siddiƙa. Iyaye sun yarda, har an fara maganar sa rana. Sai wata tsohuwa ta tuna cewa lokacin da aka haifi Uzairu, iyayen yaran biyu suna haya a gida ɗaya, gidan Ɗantsoho. Uwar Uzairu ta kumbura bayan haihuwa, aka kwantar da ita a asibiti ta daɗe, matan gidan suka riƙe jaririn. A lokacin Siddiƙa tana goyon wan Bahijja. Kuma tsohuwar ta rantse ta ga Uzairu a cinyar Siddiƙa.

“Uwarsa ba ta san abin da aka yi a bayanta ba,” in ji Alhaji. “Siddiƙa kuma ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Liman ya ce shakka ba ta haramta aure. To amma Inna, ni ba zan kafa wa ɗana gida a kan shakka ba. In kin ce babu, mu sa rana. In kin ce akwai, kowa ya yi haƙuri.”

Inna Ishatu ta yi dariya ta ce, “Wannan ne ya sa ka sako babbar riga, Alhaji? Ai ni na yanke wa Uzairu cibiya.”

Ta rufe ido yadda ta saba, don ta ɗauko abin daga inda yake. Ga gidan Ɗantsoho nan, da rijiyarsa a tsakiya. Ga damina, ga itace ya jiƙe yana ta hayaƙi. Ga jaririn a naɗe cikin zane yana tsala ihu. Ga hannun mace ya miƙo ya ɗauke shi. Ta bi hannun da ido don ta ga fuskar mai shi, sai ta tarar babu komai a wurin. Ta koma baya ta sake biyowa, aka kuma. Ta nemi sunayen matan da ke goyo a gidan a shekarar, sunayen da da ko daga barci aka tashe ta za ta jero su, ba ko ɗaya da ya amsa.

Malam Nagoda ya dube ta, Alhaji ya dubi tabarma.

“Ka ba ni zuwa bayan Juma'a,” ta ce, da wata murya da ba a san ta da ita ba.

Da baƙo ya tafi, Malam ya so ya mayar da abin wasa. Ya ce, “Yau dai rediyon Tudun Wada batir ya yi sanyi.” Da wata rana ce da ya sha martani har ya gwammace bai yi magana ba. Amma ta wuce ɗaki, ya biyo ta, ta zauna a bakin gado ta zuba hannuwa a cinya, ta ce, “Malam, haka Yaya ta fara.”

Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a gaban haihuwar da ta zo da gardama. Ba mutuwa take tsoro ba, wannan kowa na jiran tasa. Abin da take tsoro shi ne ta zauna da rai da lafiyar jiki, Malam ya shigo ta tambaye shi ko shi wane ne. Ga kuma auren yara biyu a rataye a kan abin da kanta ya ƙi ba ta. Da safe da ta fito, ta ci karo da Bahijja za ta makaranta. Yarinyar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ba ta tambayi komai ba, amma idanunta a kumbure suke. Ishatu ta amsa a gurguje ta tari napep zuwa Gyallesu.

Ta yi sa'a Hanifa ba ta da aikin safe. Tun kafin ta cire mayafi ta zayyana mata komai. Hanifa ta ɗauko abin awo ta ɗaura mata. Ta duba, ta ɓata fuska, ta sa ta huta, ta sake aunawa a ɗaya hannun.

“Inna, kina shan maganin nan kuwa?”

“Ba kya ganin yana ƙarewa?”

“Ina gani. A cikin wa yake ƙarewa?”

Nan fa ido ya raina fata. Ishatu ta fara kame-kame, ta ce ai ba a hana maƙwabci wuta, ta ce ai matar liman ba wadda za a ce wa a'a ba ce. Tana lissafo waɗanda suka amfana, Hanifa tana dafe kai, har ta kai ta zauna a ƙasa.

“Inna lillahi! Akwai mai ciki a cikinsu?”

“Haba, ni mahaukaciya ce? Mai ciki ko goro ba na ba ta.”

Hanifa ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta yi duka biyun. Da ta natsu ta kama hannun innarta ta yi mata bayani da sannu. Ta ce hawan jini ba ya jiran ciwon kai, mutum yana iya yawo da shi shekaru yana jin kansa garau. A cikin ƙwaƙwalwa akwai 'yan jijiyoyin jini sirara kamar zaren Malam. In jini ya daɗe yana bugun su da ƙarfi, sai su yi ta lalacewa, wasu su toshe, wurin da suke ciyarwa ya mutu a hankali ba tare da mutum ya faɗi ko bakinsa ya karkace ba. Ta ce da aka yi wa Atika hoton kai, likitoci sun ga irin wannan ɓarnar a wurare da yawa, kuma sun ce jininta da ya daɗe a sama ba magani yana cikin manyan dalilai. Kanwa da gishiri kuwa suna cikin abin da ke ingiza jinin.

“Kina nufin kunu ne ya cinye min yaya?”

“Ban ce shi kaɗai ba, Inna. Akwai shekaru, akwai gado, akwai abin da Allah kaɗai ya sani. Ba duk mai hawan jini ne ke ruɗewa ba, kuma mantuwa ɗaya ba ita ce cutar ba, kowa yana yi. Za mu je likita ya duba ki sosai. Amma abin da ke hannunmu shi ne jinin nan. In aka riƙe shi, an rage haɗarin ƙwarai. Mama ba ta samu wanda ya gaya mata da wuri ba. Ke kin samu, kina rabawa a layi kamar goron suna.”

Ishatu ta ce, “Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Bari in shiga in gaishe ta.”

Atika na zaune a kan darduma a bakin ƙofar ɗakinta, an yi mata wanka an shafa mata mai, tana ninke wani ɗankwali tana warwarewa. Ta rame, amma hannuwan nan nata masu sauri suna nan. Ishatu ta zauna kusa da ita ta gaishe ta, ta amsa da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo. Da yake ba ta da wanda za ta kai wa kuka, sai ta kama ba ta labari, ba don tana sa ran komai ba. Ta ce, “Yaya, kin ga abin da ya same ni. Wai ni ce aka tambaya wa ya shayar da ɗan Muntaka na gidan Ɗantsoho, na tsaya ina zare ido.”

Hannun Atika ya tsaya a kan ɗankwalin. Ta ɗago a fusace, ta dubi tsakar gida kamar akwai mutane cike.

“Ke! Har yanzu kina nan zaune? Na ce ki karɓo yaron nan daga hannun Siddiƙa kafin ta sa masa nono! Ba kya ganin idonta ya yi ɗorawa? Shawara ce ke cinta. Ki kai shi ɗakin Inno matar direba, ita ke da nono har yana zuba. Tashi mana, sai ka ce an dasa ki!”

Tsawar nan Ishatu ta fi shekara ba ta ji ta ba. Tana jin ta sai komai ya dawo mata a lokaci guda. Ga fuskar mai hannun nan, Siddiƙa ce, idanu rawaya, ta ɗauki jaririn don tausayi tana ƙoƙarin ɗaga riga. Ga ita kanta Ishatu ta yar da ludayi ta ruga ta fizge shi, har Siddiƙa ta yi fushi ta ce ai ba cinye shi za ta yi ba. A makon nan 'yan'uwan Siddiƙa suka zo suka tafi da ita garinsu Soba neman magani, ba ta dawo ba sai bayan an sallamo uwar Uzairu. Inno ce ta riƙe yaron a ɗakinta, tana ba shi tare da nata.

Ishatu ta rungume yayarta tana dariya, hawaye na zuba. Atika ta ture ta ta ce, “Ji min mace, ana aiki tana wasa.” Can kuma ta koma kan ɗankwalinta, ta manta an yi.

Ishatu ba ta yarda ta tsaya a kan maganar marar lafiya da tunanin da ya riga ya ba ta kunya sau ɗaya ba. Washegari ta nemi Inno, ta same ta a unguwar Hanwa wurin ɗanta, ta tsufa amma bakinta na nan. Inno ta ce ƙwarai ita ta shayar da shi, kuma yaron ci gare shi kamar gara, har yanzu tana bin sa bashin godiya. Uban Bahijja ma da aka tuna masa ya ce tabbas an yi shekarar da shawara ta kama marigayiya aka kai ta Soba. Ranar Asabar Inna Ishatu ta sa aka kira Alhaji Muntaka, ta zauna a zaure ta harɗe, ta ce, “Babu nono tsakaninsu. Ku sa rana. Amma ka gaya wa Uzairu yana da wata uwa a Hanwa da 'yan'uwa bakwai, ya san da su a rabon goro.”

Daga ranar aka rufe kemis. Wadda ta fara cin karo da rufewar matar liman ce. Ta shigo ta dafe goshi kamar yadda aka saba, ta ce, “Inna, 'yar ƙwayar nan.” Ishatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, don tunda take ba ta taɓa cewa babu alhali akwai ba. Ta daure ta ce, “Akwai, amma ba zan ba ki ba. Ɗauko mayafinki gobe mu je a auna ki.” Matar liman ta fita tana cewa duniya ta canza. Amma ta zo, kuma ba ita kaɗai ba. Inna ta tasa tsofaffin kwastomominta gaba har asibiti, tana tafe tana yi musu faɗa kamar ba ita ta ɓata su ba. Aka samu wasu da hawan jinin, aka rubuta wa kowa nata. Mai waina kuwa aka ce jininta lafiya lau, tabarau take buƙata.

Likita ya duba Ishatu, ya yi mata tambayoyi iri-iri, ya ce a yanzu bai ga abin tayar da hankali ba, amma zai riƙa ganin ta. Bai yi mata alkawarin komai ba, ita ma ba ta nema ba. Malam Nagoda ya naɗa kansa ɗan doka. Ba ya fita shago sai ya ga ta haɗiye ƙwayar, wani lokaci har ya ce ta buɗe baki ya gani. Takan ce, “Malam, da can da nake da haƙora ba ka ce in buɗe ba sai yanzu?”

Kunu ne ya fi ba ta wahala. Hanifa ta gaya mata masu jegon ma kanwar nan mai yawa ba ta yi musu kyau, tana iya taɓa musu zuciya. Sai ta koma dama kunun gyaɗa da na tsamiya. Ƙa'idar Yaya tana nan, kofin farko nata ne, sai dai tana sha tana yamutsa fuska. Surukai tsofaffi suka yi ta gunaguni, wai Inna ta zama 'yar boko. Ta ce su faɗi abin da suke so, ita ta ga abin da ta gani. Ta kuma ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Duk gidan sunan da ta je, in ta san an taɓa shayar da wani a dangin, sai ta tsaya a tsakiyar mata ta ɗaga murya ta ce, “Ku shaida, wance ta shayar da wane, kowa ta riƙe.” Wasu na jin kunya, wasu na dariya. Ita dai ta ce kaya irin wannan ba a bar wa kai ɗaya.

An ɗaura auren Uzairu da Bahijja bayan ƙaramar salla. Inna Ishatu ta yi rawa a wurin kamu har ɗankwali ya faɗi, Inno ta zo daga Hanwa da zugar 'ya'yanta suka cinye rabin shinkafar. Da aka watse, amarya ta sa aka cika wa Inna kwano da alkaki da nakiya, ta ce na Inna Atika ne, tunda ita ta ba da amsa.

Ishatu ta kai wa yayarta da kanta. Ta same ta a inda ta saba zama, rana ta yi sanyi, Hanifa na tsefe mata kai. Ishatu ta zauna ta buɗe kwanon, ta ba ta labarin biki tun daga farko, wa ya zo, wa ya yi anko, wa ya yi fushi ba a ba shi nama ba. Atika na saurare tana murmushi, tana gyaɗa kai.

“Baiwar Allah, kina da kirki,” ta ce. “Daga ina kike?”

“Daga Tudun Wada, Yaya.”

“Allah sarki, Tudun Wada. Ina da ƙanwa a can, Ishatu sunanta, matar tela. Kin san ta? Kai gare ta, ba ta mantuwa. In kin gan ta ki ce mata ta zo, na daɗe ban sa ta a ido ba.”

Hanifa ta kau da kai. Ishatu ta ɓalli alkaki ta sa wa yayarta a baki, ta goge mata gefen leɓe da bakin mayafi, sannan ta goge nata idon.

“Zan gaya mata, Yaya,” ta ce. “Za ta zo. Muddin tana gane hanya, za ta zo.”